Injin da Gidiyon Ya Haɗa wa Ƙanensa

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Gidiyon, mai walda ne. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe. Irin mutanen nan ne da idan suka ce za su yi abu, gara ka matsa ka ba su hanya. Yana da mata, Briskila, yana kuma da ƙane, Filibus, wanda yake zaune a gidansa.

Gidiyon yana da wani hali, kuma kada kowa ya yi masa dariya, domin halin gidajenmu ne duka. Ba ya cire leda daga sabon abu. Kujerun falonsa suna cikin ledarsu tun ranar da aka kawo su. Rimot ɗin talabijin a naɗe yake. Idan baƙo ya zauna ya tashi, sai ka ji kujera ta yi ƙara kamar ana soya ƙwai.

Filibus shi ne golan ƙungiyar ƙwallon unguwarsu, har ranar da mota ta buge shi a kan babur. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Da aka sallamo shi daga asibiti, Gidiyon ya sayo masa sabon keken guragu. Filibus ya dubi keken, ya dubi bango, ya zaɓi bango. Abokansa suka yi ta zuwa gaisuwa. Su zauna, su yi ta laluben abin faɗa, shi kuwa daga "i" sai "a'a". A hankali suka ɗauke ƙafa.

Wata rana ɗaya daga cikinsu ya leƙo, ya zauna yana buga wasan ƙwallo a wayarsa. Gidiyon yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya ga idon ƙanensa yana bin ƙwallon, yatsunsa ma suna motsi a kan zanen gado. Da baƙon ya tafi, Gidiyon ya shiga ya tsaya a kansa.

Ya ce, "Zan haɗa maka kwamfutar wasa. Ba ta kanti ba, wadda zan tsinci kayanta ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Abokan nan naka sai sun yi layi a ƙofar ɗakin nan suna roƙon ka bar su su buga."

Filibus ya ce, "Yaya, ka daina wahalar da kanka."

"Wahalar taka ce ko tawa?"

Gidiyon bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba. Amma ya sa kansa. Lokacin da sauran masu walda suke hutun cin abinci, shi yana ƙarƙashin rumfa da waya a hannu, yana kallon yadda ake haɗawa, yana maimaitawa, har sunayen kayan suka zauna masa a baki. Ya ƙara karɓar aiki, ya rage cin nama. Da ya shirya, ya sa tef ɗin awonsa a aljihu, ya nufi kasuwa, ya shiga wani shagon kayan kwamfuta.

Mai shago ya fara jawo masa wani akwatin kwamfuta, gilashi gaba da gefe, fitilu suna canja launi a ciki.

Ya ce, "Oga, wannan ake yayi. Duk wanda ya shigo ɗaki sai ya tsaya kallo."

Gidiyon ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi. Ya ce, "Ta ina yake numfashi?"

"Akwai 'yan ramuka nan gefe."

"Wannan ai na kiwon kifi ne. Ni da wuta nake aiki, na san abin da zafi yake yi wa ƙarfe. Ba ni mai raga a gaba, iska ta shiga ta nan ta fita ta baya."

Aka kawo mai raga, baƙi, ba ado. Gidiyon ya zaro tef, ya auna katin hoto, wato abin da yake zana wasan a kan allo, ya auna cikin akwatin, ya tabbata zai shiga ba tare da ya tokare fanka ba. Aka miƙo masa akwatin wuta, wato mai raba wa injin lantarki, mai araha marar suna, ya ture shi, ya ce ba zai sa wa injin ƙanensa abin da zai ƙone masa kaya ba. Ya zaɓi firosesa, ƙwaƙwalwar injin ke nan, 'yar aba da ba ta wuce fankon ashana ba amma ta fi dutsen guga ɗaukar zafi. Sa'an nan ya zaɓi masanyayi mafi girma a shagon: tulin ƙarfe mai fanka, gindinsa na jan ƙarfe, aikinsa ya zauna daram a kan firosesa ya zuƙe zafinta.

Ku riƙe wannan da kyau: duk abin da Gidiyon ya zaɓa, daidai ya zaɓa. Ba a cuce shi a ko ɗaya ba.

Ya koma gida, ya share tebur, ya wanke hannu, ya fara haɗawa. Da ya zo kan masanyayin, ya juya gindinsa, sai ya ga jan ƙarfen yana ƙyalli kamar madubi, da wata siririyar leda a manne, da jan rubutu a kai cewa a ɓare kafin a ɗora. Ya karanta. Ya dubi man da ake shafawa tsakanin ƙarfen da firosesa, toka-toka, mai danƙo. Ya ce a ransa, "Wannan kyakkyawan ƙarfe zan ɓata da wannan ƙazanta? Ledar da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, me za ta hana?" Ya shafa man, ya ɗora masanyayin da ledarsa, ya ɗaure tam. Ya kunna, injin ya tashi. Daga nan bai ƙara tuna ledar ba, domin a wurinsa leda ba ta taɓa zama laifi ba.

Ran Lahadi bayan sujada abokan Filibus suka cika ɗakin. Aka zaunar da shi a keke, aka ba shi abin bugawa. Wasa ya fara. Filibus ya tare wata ƙwallo, ɗaki ya ɗauki sowa, bakinsa ya fara buɗewa. Sai fankokin injin suka fara gurnani kamar injin niƙa. 'Yan wasa a kan allo suka fara tafiya kamar masu ciwon gwiwa. Allo ya yi baƙi.

Filibus ya ajiye abin bugawar a cinyarsa, ya ce, "Shi ma ya kwanta, kamar mai shi." Ya roƙa a mayar da shi gado.

Gidiyon bai ci abinci ba ranar. Washegari ya ɗauki injin a ka, ya dira a shagon.

"Kayan banza ka sayar mini."

Mai shago ya ce, "Oga, zafi ne yake kashe shi. Ka shafa man?"

"Na shafa."

"Ka ɗaure masanyayin da kyau?"

"Ni za ka koya wa ɗaure ƙarfe?"

Mai shago bai tambayi batun leda ba. Wa zai yi tunanin tambayar babban mutum irin wannan?

Gidiyon ya sayi ƙarin fankoki. Injin ya mutu. Ya ɗauki inji mai yankan ƙarfe ya huda wa akwatin taga a sama. Injin ya mutu. Ya cire murfin gefe, ya jawo fankar tsaye ta falo ya saita ta a kansa, har labule yana tashi. Injin ya daɗe kaɗan, ya mutu. Ya zargi wutar gari, ya zargi janareta, ya zargi ɗakin. Wani abu ɗaya ya ɗaure masa kai: idan ya taɓa masanyayin bayan injin ya mutu, sai ya ji shi da sanyi. Ya ce, "To ai wannan lafiyarsa lau." Ya tsallake shi ya ci gaba da bincike a wani wuri.

Abokan suka sake zuwa, ba su kai na farko yawa ba. Injin ya sake ba su kunya. A maraicen ranar Filibus ya kira wansa.

Ya ce, "Yaya, motar ƙauye tana zuwa ran kasuwa. Ka sa ni a ciki. Akwai ɗakin baya a gidan Mama, ba mai shiga. Can ya dace da ni."

Gidiyon ya san ɗakin. Ya san kuma idan ƙanensa ya shiga, ba zai ƙara fitowa cikin mutane ba.

Ya ce, "Ba inda za ka."

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka."

"Wa ya gaya maka iyakata ke nan? Ko zan kwance injin nan har ƙusa ta ƙarshe, sai ka buga wasa ka gama shi a ɗakin nan."

Ana gobe kasuwa, da rana tsaka, Briskila tana taimaka wa Filibus ya canja riga, sai ta ga bayansa ya yi ja, ƙurajen zafi sun feso. Ta sa aka mayar da shi gado, ta ɗauko wuƙar kicin, ta hau ledar keken da yanka. Gidiyon ya shigo ya tarar da leda a ƙasa.

"Briskila, sabon keke ne fa."

Ta ce, "Maigida, zo ka ga bayan ƙanenka. Tun da ka sayo keken nan, jikinsa bai taɓa taɓa shi ba, leda yake taɓawa. Zufa ba ta da wurin zuwa. Keken kake jinya ko mutumin?"

Gidiyon ya buɗe baki zai yi faɗa. Sai ya tsaya yana kallon ledar da ke hannunta. Sa'an nan ya juya, ya ɗauko sukundireba, ya durƙusa gaban injin.

Ya kwance masanyayin, ya juya gindinsa. Ga ta nan. Ta yamutse, man ya dame a kanta, jan rubutun yana nan yana kallonsa. A ƙarƙashinta jan ƙarfen yana ƙyalli, sabo fil, bai yi aikin ko sisi ba.

Filibus daga gado ya ce, "Yaya, mene ne?"

"Wautar wanka ce. Yi shiru."

Ya ɓare ledar. Ya goge firosesa, ya matso sauran man, ya ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ya ɗaure. Ya kunna. Wannan karon bai kira kowa ba. Ya zaunar da Filibus a keke, ya ja kujera, ya ɗauki abin bugawa ɗaya da manyan yatsunsa na walda.

Suka buga. Fankoki suna ta juyawa a hankali, ba gurnani. Gidiyon ya miƙa hannu ya taɓa masanyayin, ya ji ɗumi. Zafin ya sami hanya. Bai iya wasan ba ko kaɗan, ana ta zuba masa ƙwallaye, har ya buga wata da ƙarfi ta shiga raga, ya ɗaga hannu yana murna.

Filibus ya ce, "Yaya, gidanka ka ci." Dariya ta ƙwace masa, irin wadda gidan bai ji ba tun kafin asibiti, har Briskila ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Aka hura usur na tashi, injin yana nan da ransa. Filibus ya share ido ya ce, "Ba ni wayata. Bari in kira waɗanda suka iya." Motar ƙauye ta zo ran kasuwa, ta koma ba shi.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma da ku nake, ba da maƙwabtanku ba.

Firosesa zuciyarka ce. Muddin kana raye kana aiki, sai ta yi zafi: fushi, baƙin ciki, kunyar abin da ka aikata, maganar da aka gaya maka ta tsaya maka a wuya. Zafin ba abin mamaki ba ne. Masanyayin kuwa Ubangiji Yesu ne, wanda ya zo domin ya ɗauke abin da zuciya ba za ta iya riƙewa ba.

Da yawanku kun yi zaɓi mai kyau kamar Gidiyon. Ikilisiya mai kyau, kujerar gaba, kun matso kusa har kun ɗaure tam. Amma akwai leda. Ledar ita ce "lafiya lau" ɗin da kake gaya wa Allah kamar yadda kake gaya wa mai gaishe ka a hanya. Ita ce addu'ar nan mai tsabta, mai kalmomi masu kyau, wadda ba ta taɓa ambatar sunan wanda ka ƙi gafarta wa ba. Kana cewa siririya ce, me za ta hana? Komai take hanawa. Kana dab da shi, ba ku taɓa juna ba.

Da zafi ya taso sai ka ƙaro fanka. Ka shiga ƙungiyar mawaƙa, ka shiga kwamiti, ka ƙara azumi, ka zargi fasto, ka zargi matarka, ka canja ikilisiya. Fanka ba laifi ba ce, amma fanka ba ta ɓare leda. Kuma ba kai kaɗai kake shan wahalar ba. Akwai wani Filibus a gidanka da yake jira ka tsaya da ƙafarka, kai kuwa kullum sai ka mutu a tsakiyar wasa.

Kana tsoron ka ɓata Ubangiji da dattinka? Ba domin ƙyalli ya zo ba. Jan ƙarfen Gidiyon bai ƙara zama madubi ba, kuma ranar da ya ɓaci ita ce ranar da ya fara aikin da aka yi shi dominsa.

Kada kowa ya je gida ya yage ledar kujerar uwarsa ya ce a makarantar Lahadi aka aiko shi. Taka za ka nema. Ka san inda take, ai da hannunka ka bar ta, ka kuma karanta rubutun. Yau, kafin ka ci abincin rana, shiga ɗaki, durƙusa, kwance har ƙasa, ka gaya wa Ubangiji abin da sunansa.