Maƙerin da Ya Ji Tausayin Kakin Zuma

Ke Rifkatu, har kin yi girman da za ki tambaye ni don me nake tashinku zuwa gona, alhali uwarku tana barinku ku yi barci? Ji bakinta! Matso nan. Kai ma Irimiya, bar sosa ƙafa ka saurara.

Akwai wani mutum, maƙerin tagulla. Mutanen garinsu suka ce ya yi musu mutum-mutumin mace ɗauke da tulu, a kafa a mararraba. Shi wannan aiki, da kakin zuma ake fara siffanta abin, a lulluɓe shi da yumɓu, a sa a wuta. Kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa.

Ya zauna ya siffanta ta, har da zanen kitsonta. Maƙera ta cika da ƙanshin zuma. In hasken yamma ya ratsa jikinta, sai ka ce numfashi take yi, yanzu za ta sauke tulun ta gaishe ka.

Matarsa ta ce, "Maigida, na kwaɓa yumɓu, gawayi yana jira."

Ya ce, "Wannan fuskar zan dame da laka in jefa a wuta? Zuciyata ba za ta iya ba."

Ya ɗauke ta a yadda take, ya kafa a mararraba da sassafe. Gari ya taru ana riƙe baki. Da rana ta take, hanci ya soma ɗiga, tulun ya nutse cikin kanta, ta durƙusa a hankali kamar mai addu'a. Ƙudan zuma suka zo suna shawagi a kanta. Kafin yamma ba abin da ya rage sai maiƙo a kan dutse, maƙerin yana tsugune yana shafa shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: kakin nan ku ne, da kyau, da ƙanshi, amma ba ku san rana ba. Wutar ita ce horon da Ubangiji yake sa wa nasa, don son jiki ya tsiyaye, Ya zuba abin da zai tsaya. Maƙerin kuwa, kun san ko wace ce, amma kada ku gaya wa uwarku na faɗa. Ni dai ba zan mutu in bar ku a mararraba kuna ɗiga ba.

Rifkatu, share hawayen nan. Ku yi addu'a ku wuce ku kwanta, fartanyunku suna bayan ƙofa.