Ƙugiya Ɗaya

Akwai wani mai buga rubutu da na sani, ana kiransa Mai Ƙugiya. Sunansa na yanka ya kuɓuce mini, kamar yadda abubuwa da yawa ke kuɓuce mini yanzu. Amma shagonsa yana nan a idona: ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, da fanka mai ƙara, da benci ɗaya na masu jira. Na sha zama a bencin nan da takarduna.

Aikinsa ne ya ba shi laƙabin. Baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, bai taɓa barin ɗayansu ya fita tsirara ba. In ka rubuta "baki" alhali "baƙi" kake nufi, sai ya gyara, ya kuma yi maka tsiya. Gwani ne ƙwarai. Aibinsa ɗaya: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba."

Da kwamfutarsa ta tsufa, sai ya tafi sayen sabuwa. Iri biyu ne ke gasa a lokacin. Ɗaya irin tasa ce, wadda ke kusan kowane ofis. Ɗayar siririya ce, launin azurfa, tsarinta daban. Mai ɗaukar hoto da ke maƙwabtaka da shi yana da irinta, kuma Mai Ƙugiya ya daɗe yana satar kallonta.

Mai shagon sayar da kwamfuta ya ce, "Maigida, wane aiki za ka yi da ita?"

"Aikin da ba a koya mini."

"To. Wannan irin taka ce, kana kai ta ka ci gaba. Waccan ma ba ta da laifi, amma komai nata a wani wuri yake. Zauna in nuna maka."

"Kai za ka nuna mini? Ina buga rubutu tun kana rarrafe. Ɗaure mini ta azurfar."

Ya kai ta shagonsa, ya danna inda ya saba dannawa. Ƙugiya ba ta fito ba. Ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, shiru. Tsohuwar kuwa ya riga ya bar ta can a musaya.

Matarsa ta kawo masa abincin rana ta tarar yana gumi. Ta ce, "Baban yara, ka koma ka tambaya mana."

"In koma in ce me? A ji a kasuwa Mai Ƙugiya ya je neman ƙugiya?"

"Ai gara a ji haka."

"Mai karatu ya san abin da ake nufi. Yau ko gobe zan gano ta."

Ana cikin haka yayarsa ta zo. Ita ta raine shi, shi ya sa har da furfurarsa take kiransa Auta. Ta shekara da shekaru tana haɗa garin lemo na busassun 'ya'yan itace a kicin ɗinta, tana sayar wa maƙwabta. Yanzu wani babban kanti ya yarda ya gwada kayanta, sau ɗaya. In sun tafi, za a riƙa karɓa. In ba su tafi ba, shi ke nan. Sunan da ta raɗa wa garin shi ne Kaɗa Ka Sha, don cokali ɗaya ake zubawa a ruwa a kaɗa.

Ta ce, "Auta, ka tsara mini rubutun leda, ka tura wa masu bugawa kai tsaye. Ni ina can ina niƙa."

"Ba za ki duba ba, Yaya?"

"Wa ke duba bayan Mai Ƙugiya?"

Ya buga rubutun babu ƙugiya. Ya ce a ransa zai gyara kafin ya tura. Masu buga leda suka yi ta kira, ya tura yadda yake. Su ba Hausa suke ji ba. Suka buga, suka cika, suka liƙe, mota ta kai kanti.

Aka jera ledojin a kanta, kowace da jan rubutu manya-manya: KADA KA SHA.

An ce wata mata ta ɗaga ɗaya ta karanta da ƙarfi, ta ce, "To mun ji, ba za mu sha ba. Allah ya saka da gargaɗi." Wani ya ɗauki hoto, hoton ya bi wayoyi. Kafin a tashi aiki manajan kanti ya sa an kwashe kayan.

Ina kan benci ranar da yayar ta shigo. Wace rana ce, na manta. Fuskarta ce ban manta ba. Ta ajiye leda ɗaya a kan kwamfutar azurfar.

"Auta, karanta mini."

Ya tsura wa ledar ido.

"Karanta mana. Ba kai ne gwani ba?"

Ya karanta, muryarsa can ƙasa.

"Ina ƙugiyata?"

"Yaya, na'urar ce..."

"Na'urar ce ta riƙe maka baki ranar da na zo?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta bar masa ledar ta fita.

Washegari ya koma wurin mai shagon kwamfuta. Mutumin ya taɓa wuri biyu, sai ga ɓ da ɗ da ƙ sun fito reras. Suna ciki tun ranar farko. Shayin da aka zuba masa bai ma huce ba.

Yayar ta koma sayar wa maƙwabta, kantin bai sake nemanta ba. Shi kuwa har yau yana buga rubutu mai kyau a ƙarƙashin matakalar nan. Sai dai ba wanda ke ce masa Mai Ƙugiya. Kada ake kiransa, kuma yana amsawa.

Darasin a fili yake. Na'urorin nan biyu babu ta banza a cikinsu. Wanda zai zaɓa ya fara duba aikinsa, ya gwada na'urar da aikin nan tun a shago, ba da idon maƙwabci ba. In ka ɗauki wadda ba ka saba da ita ba, ka zauna a nuna maka. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, kuma a kanka kaɗai take tsayawa. Ɓarnar ƙin tambaya kuwa, sau da yawa a kan wanda ya fi yarda da kai take sauka.