Dila da Waƙar Tsibirin da Ruwa Ya Ci

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku matso. Wani tsibiri ne a tsakiyar babban kogi. Dabbobi ke zaune a kansa, Ɓauna ne mai garinsu. Suna da rijiya ɗaya, da tsamiya ɗaya, da rumbuna cike da gyaɗa da busasshen kifi.

Akwai wata tsohuwa a garin, Iya Kunkuru. Kullum in tana daka sai ta yi waƙar da ta koya a wurin kakarta:

"Tsibirin kakanni, ina ka tafi?
Rijiya ta yi ja, ba mu tashi ba.
Tsamiya ta rusuna, ba mu tashi ba.
Ƙasa ta yi nishi, ruwa ya ci gari."

Rannan Dila ya zo wucewa, ya ce, "Iya, wannan waƙa ta mece ce?"

Ta ce, "Da can akwai wani tsibiri gaba da namu. Rana ɗaya ya nutse. Kakata kaɗai ta tsira. Ta ce duk wanda ya ga alamun nan uku, ya kwashe 'ya'yansa ya ƙetare."

Dila ya yi dariya har da faɗuwa. Tsibiri ya nutse? Sai ka ce ƙwarya! Amma da ya kalli rumbunan nan, sai yawunsa ya tsinke. Ya ce a ransa, "In suka gudu, wa zai ci kifin nan in ba ni ba? Bari in haɗa musu alamun da kaina."

Da safe ya ɗebo jar ƙasa ya nufi rijiya. Ya leƙa, sai ya ga ruwan ya riga ya yi ja wur. Ya ce, "Madalla, an hutar da ni!" Ya ruga yana ihu, "Jama'a, rijiya ta yi ja! Waƙar Iya!"

Ɓauna ya ce, "Damina ce kawai. Kowa ya koma aikinsa."

Washegari Dila ya saɓi fartanya, zai tone gindin tsamiya. Ya tarar ta riga ta karkata, saiwoyinta duk a waje. Ya ce, "Kai, ni mai sa'a ne!" Ya ruga, "Jama'a, tsamiya ta rusuna!"

Ɓauna ya sosa ƙahonsa, ya ce, "Tsufa ne. Amma dai mata su ɗaure kaya."

Rana ta uku Dila ya ɗauki ganga ya shiga rami, zai buga a ce ƙasa ce ke nishi. Bai ko ɗaga hannu ba sai ƙasa ta ce, "Guuum!" Tukwane suka yi rawa a kan murhu. Dila ya ce, "Oho, wani ya fi ni ganga. Ko ma wane ne, na gode!"

Iya Kunkuru ta jefar da taɓarya, ta ce, "Ranka ya daɗe, uku sun cika. Ni kam na tafi."

Ɓauna ya ce, "A kirawo Dorina!"

Dorina ta zo ta kafa baya. Ta yi sawu, ta yi sawu, tana ƙetarar da su, har ya rage sawun ƙarshe. Ta ce, "Malam Dila, saura kai."

Ya ce, "Ku je, ni zan tsaya gadin rumbuna. Dole wani ya sadaukar da kansa."

Kowa ya ce, "Allah sarki, bawan Allah!"

Suna ɓacewa Dila ya faɗa rumbu. Ya ci kifi, ya ci gyaɗa, ya koma kan kifi. Sai ya ji sanyi a wutsiya. Ya ce, "Wa ke mini wasa da ruwa?" Ya ji a ciki. Ya ji a wuya. Ya leƙo, ina gari? Ƙasa na zaftarewa gaɓa gaɓa, tsamiya ta yi kwance, kogi ya shigo ta ko'ina.

Ya yi tsalle ya faɗa cikin turmin Iya Kunkuru. Turmi ya yi ta juyi da shi, yana ihu, "Wayyo, ashe gaskiya na faɗa! Wayyo, ban sani ba!"

Dorina ta jiyo, ta turo turmin da hanci har gaɓa. Dila ya fito yana tangaɗi, tumbi kamar tulu.

Iya Kunkuru ta ce, "Sannu da gadi, ɗan nan. Ina rumbunan?"

Ya shafa ciki, ya ce, "Iya, abin da na iya cetowa ke nan."

Gari ya ɗauki dariya. Kunya ta kama Dila, ya bi daji da gudu. Shi ya sa har yau dila ba ya gida a bakin kogi, sai can kan tudu.

Ku kuma, in tsoho ya ce wuri kaza ya taɓa cin mutane, kada ku ce waƙa ce kawai. Wani ne ya gani da idonsa, ya bar muku.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi!