Keken Ɗinkin Tasalla

Tasalla ta sayi keken ɗinki a kantin Alhaji Mudi, ga ɗinkin biki yana jiranta. Da ta buɗe kwalin a gida, babu bel ɗin da ke juya keken. Ta komo da shi.

Alhaji ya ce, "Baiwar Allah, kawo bel ɗin da ya ɓace in gani, sai in yarda ya ɓace. Kekenki cikakke ne, daidai da wancan da na ajiye na talla."

"Babu bambanci, Alhaji?"

"Ko kaɗan! Jama'a, ku shaida."

"Madalla. To ga cikakken na dawo maka, zan ɗauki wancan. Ai ba ka yi asarar komai ba."

Alhaji ya buɗe baki, sai ya ga shaidun da ya kira da kansa sun zuba masa ido.

Ya ce, "A sa mata a kwali."