Ganuwar da Tela Ya Gina

Kafin in fara, bari in faɗa muku gaskiya: wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Sunan mutumin ya tafi, sunan garin ma ya bi shi. Na san dai na sha kunun gyaɗa a gidan, amma ko a wace shekara ce, kada ku tambaye ni. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku, ina kuwa tsammani ya isa.

Akwai wani mutum, tela ne. Shekara arba'in yana taka keke a zauren gidansa, har idonsa ya daina ganin kafar allura. Sai ya lulluɓe keken da zane, ya gode wa Allah, ya zauna. Ba shi da ƙorafi. 'Ya'ya sun girma, akwai hatsi a rumbu, matarsa Afiniki kuma tana nan, ko da yake ciwo ya shanye mata hannu da ƙafa na dama, ba ta fita daga ɗaki sai an tallafe ta. Bakinta kuwa lafiya lau, har ya fi dā.

Wata rana autarsu Keziya, wadda take aikin jinya a Jos, ta zo da wani buhu ta ajiye a zaure. Kayan wasa ne da 'ya'yanta suka girme wa: ƙananan bulo na roba, ja da fari da shuɗi da rawaya, kowanne da 'yan haƙora a bisa da ramuka a ƙasa, in ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kama juna. Ta ce a ba wa duk mai so. Tela ya ɗauki biyu ya danna, ya ji sun ce ƙas. Ya ƙara na uku. Buhun nan bai bar gidan ba.

Afiniki gwanar tatsuniya ce tun tana budurwa. Da ta ji abin da mijinta ya samu, sai ta ce, “Maigida, gina mini fada.”

“Wace iri?”

“Irin wadda ba a taɓa gani ba. A bisa dutse. Ganuwa kewaye da ita, hasumiya a kowace kusurwa, kogi a gindin ganuwar, da gada wadda ake ɗagewa da sarƙa. Sarauniyar ciki kiwon zuma take yi. Akwai dodo mai fukafukai a bakin rijiya, numfashinsa wuta, amma tsoron zakara yake ji.”

“To, ina zan samo zakara?”

“Kai ne mai gini. Ni dai na faɗa.”

Sai ya zama kowace safiya yana zaure yana gini a kan teburin da yake yankan yadi a dā, da la'asar kuma ya shiga ɗaki ya ba ta labarin inda aka kai, ita kuma ta ƙara masa wani aikin. Mako bakwai suna haka, suna jin daɗinsu. Ba ta ga fadar da idonta ba tukuna. Ya ce sai ya gama.

Ga shi kuwa, mutumin nan da hannun tela ya yi gininsa. A wurin tela, in yadi mai ratsi ne, dole ratsi ya sadu da ratsi, ɗinki ya hau kan ɗinki, ko aljihu bai isa ya karkace ba. Haka ya ware bulon launi-launi, ya ɗora ja a kan ja daidai wa daida, gaɓa a kan gaɓa, tun daga ƙasa har sama. Kusa da shi ya ta da jerin fari, sa'an nan jerin shuɗi. Ganuwar ta fito ratsi-ratsi, tsaf, abin sha'awa.

Yana da wani taubashi, tsohon magini, sunansa Dogara. Kun san taubasai, ba a gaisawa sai da tsiya, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Dogara ya shigo zauren yana dogara sanda, ya zagaya teburin, ya taɓe baki.

“Bawana, wannan gini ne ko zanen biki? Gaɓa a kan gaɓa? Da leburana ne ya yi mini haka, a ranar zai koma gona.”

Tela ya ce, “Kai da ka ƙare kwanakinka cikin siminti, me ka sani game da kyau? Dubi rigarka. Aljihu ya kalli gabas, riga ta kalli arewa.”

“Ai kai ka ɗinka ta.”

“Allah ya kiyaye! Wannan ba hannuna ba ne.”

Dogara ya yi dariya har da tari. Da zai fita ya ce, “Tana tsaye ne don ba wanda ya taɓa teburin.” Tela bai sa maganar a ransa ba.

Ana nan, ran wata Talata, Keziya ta kira a waya. Ta ce ranar Asabar za ta zo da mota ta ɗauki uwarta zuwa Jos, a riƙa motsa mata hannu da ƙafa a asibiti, wataƙila wata shida. Tela kuwa ba zai iya bin ta ya bar gida da awaki ba. Tun da suka yi aure kuwa ba su taɓa rabuwa na mako guda ba.

Afiniki ta ce, “Maigida, ka ba ni fadata in tafi da ita. In na farka a ɗakin da ban sani ba, in ga aikin hannunka.”

Ya ce, “An gama, uwargida. Gobe ma za ki gan ta.”

Da safe ya kawo babban tire, ya zame fadar a kai sannu-sannu, ya ɗauka. Ya taka ɗaya, ya taka biyu. Da ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofa, tiren ya ɗan karkata. Sai ganuwar ta buɗe kamar damin kara da aka kwance wa igiya. Ja ya tafi gefe guda, fari ya tafi nasa, hasumiya uku suka zube. Ko bulo ɗaya bai karye ba. Rabuwa kawai suka yi, daidai kan layukan nan masu kyau.

Daga ɗaki Afiniki ta ɗaga murya, “Mene ne ya faɗi?”

“Ba kome.”

“Maigida, ƙafata ce ta mutu, ba kunnena ba.”

Ya zauna a dokin ƙofa yana duban abin da ya warwatse. Zai iya maido da shi yadda yake, ya san wurin kowane bulo. Amma abin da bai tsallake ƙofar zaure ba, yaya zai yi da hanyar Jos? Ya tsince su tas a cikin tiren, ya sa hularsa, ya tafi gidan Dogara. Tafiyar ba nisa, amma ta yi masa nauyi.

Dogara ya saurara, fuskarsa tana ta washewa. Ya ce, “Ce magini ya fi tela.”

“Ba zan faɗa ba.”

“Faɗa a hankali, ba mai ji sai ni da akuya.”

Tela ya dubi ƙasa ya ce, “Dogara, ranar Asabar za ta tafi.”

Dariyar ta tsaya. Dogara ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

Da suka iso zaure, maginin ya ajiye bulo biyu gefe da gefe, ya ɗora na uku a tsakiyarsu, rabinsa a kan wannan, rabinsa a kan wancan, ya danna. Ya kama na saman ya ɗaga, duk ukun suka tashi tare.

“Ka gani? Kowane bulo ya zauna a kan biyu, biyu kuma su zauna a kansa. Gaɓa ba ta hawa kan gaɓa. Iyakar sirrin ke nan.”

“To, ratsina fa? Launukan za su gauraya.”

“Za su gauraya.”

“Hasumiyar nan shuɗiya ai ba ta faɗi ba. A bar ta.”

“Ita ma rana take jira.”

Wannan hasumiya ce tela ya fi so, kwana tara ya yi a kanta. Dogara bai taɓa ta ba, ya koma gefe yana ɓare goro. Tela ya daɗe yana dubanta, sa'an nan da hannunsa ya rushe ta.

Suka kwashe kome suka kai ɗakin Afiniki, suka ajiye katako a gaban gadonta. Ta ce ba za ta zauna haka kawai ba. Aka sa mata kwaryar bulo a wajen hannunta na hagu, wanda duk hannun ya kamo shi take miƙawa, shi kuma ake sawa. Dogara yana tsara ganuwa, tela yana fitar da tagogi da ƙofofi, gama a nan idonsa ya fi na maginin. Kwana uku suna aiki suna faɗa. An sake gadar sau biyu. An samu zakara ma, da bulo huɗu, ko da yake Dogara ya rantse agwagwa ce.

Ran Jumma'a da la'asar aka gama. Dogara ya kama ganuwar ta kusurwa guda ya ɗaga. Tela ya runtse ido. Fadar ta tashi gaba ɗaya, da dutsenta da koginta, Dogara ya girgiza ta, ba abin da ya motsa.

Afiniki ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, “Ta yi dabbare-dabbare kamar zabuwa.” Ta yi dariya, ta shafa ganuwar da hannunta mai lafiya. “Miƙo mini ita nan.”

Tela ya ga wani bulo rawaya a tsakiyar ƙofar fada, inda bai dace ba ko kaɗan. Hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya bar shi.

Ran Asabar aka tallafi Afiniki zuwa mota, aka ɗora mata fadar a cinya. Tsofaffin biyu suka tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana. Sai Dogara ya ce, “Bawana, kwana uku ina maka aiki, ko ruwa?” Suka koma zaure.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Bulon nan mu ne, ganuwar kuwa ikilisiya ce. Sau da yawa irin ginin tela muke yi. Ku duba yadda muke zama ran Lahadi: dangi a kan dangi, masu yare ɗaya a benci ɗaya, ma'aikata can, manoma nan. Wanda kake kai wa gaisuwa irinka ne, wanda yake kawo maka ma irinka ne. Abin yana da kyan gani, ba hayaniya, muddin kuwa ba a taɓa teburin ba, za mu ce ƙarfi gare mu. Amma rana tana zuwa da za a ɗaga mu. Ko a sauya fasto, ko gardama ta tashi a kan fili, ko wahala ta auko wa gari. A ranar ba karyewa za mu yi ba, kowa da bangaskiyarsa. Rabuwa za mu yi, daidai kan layukan da muka shirya da hannunmu.

Ubangiji ba haka yake gini ba. Yana ɗora ka a kan mutum biyu da ba kai ka zaɓa ba, ya kuma ɗora waɗansu a kanka. Wani lokaci sai ya rushe hasumiyar da ka fi so, wadda ba ta yi laifin kome ba. Kada ka yi gunaguni. Tafiya ce a gaba, shi ya san hanyar. Saboda haka a makon nan, kowa ya nemi gidan da bai taɓa shiga ba a cikin ikilisiyar nan, ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwansu. Wanda kuma yake gaya maka gaskiya da tsiya, kada tsiyar ta hana ka jin gaskiyar.

Shekaru da yawa ina ba da wannan misali ban san ko fadar ta isa lafiya ba, abin yana damuna, gama hanyar nan duk ramuka ce. Sai a wani taron ikilisiyoyi aka nuna mini Keziya, ita ma ta yi furfura. Na tambaye ta. Ta ce ita ta tuƙa motar, ita kuma ta karɓi fadar daga cinyar uwarta a ƙofar gidanta a can. Ganuwar ta isa Jos ko tsaga babu. Wani ƙaramin mai gadi na roba ne kawai, wanda suka tsayar shi kaɗai a kan hasumiya, ya faɗo a hanya, suka same shi cikin zanen tsohuwar.