Mitar da Ba Ta Sallama

Ku da kuke ta musu a kan mitar wuta tun la'asar, ku tsagaita haka nan ku ji wani labari. In na gama sai ku ci gaba da musun, amma a kan abin da zan tambaye ku.

A wani gari an yi wani dattijo, Malam Mati, tsohon tela ne da ido ya sa ya ajiye keke. Matarsa Dije ta shekara shida da rasuwa. 'Ya'yansa biyu neman abinci ya kai ɗaya Legas, ɗaya Fatakwal, suna kira ranar Juma'a idan sun tuna. Unguwar ma ta canja yana zaune a cikinta. Maƙwabtan da suka tsufa tare wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu magada sun sayar da gidajen an mai da su shaguna. Da magariba kowa ya ja ƙofar shagonsa ya tafi, layin ya rage daga Malam Mati sai karnuka. Gwiwa kuma ta hana shi zuwa masallaci sai mako mako.

Baƙo ɗaya gare shi wanda ba ya fashi, Sallau mai karatun mita. Tsohuwar mitar gidan a zaure take, mai faifai mai juyawa, dole sai an shigo kafin a karanta ta. Duk ƙarshen wata Sallau zai jingine kekensa ya yi sallama. Aikin minti ɗaya ne, amma Malam Mati ya riga ya jona hita ya dafa shayi, ya shimfiɗa tabarma. Sai su yi awa guda, daga labarin ɗinkin sallar da, zuwa ciwon gwiwa, zuwa Dije. Tun ashirin ga wata dattijon yake fara sauraren ƙarar keke.

Sai kamfanin wuta ya zo da sabuwar mita, wadda ake kafawa can saman sanda, ita da kanta take aika wa ofis abin da gida ya sha. Duk layin suka karɓa. Malam Mati ya ce allambaran. Zuwa uku ma'aikata suka yi yana mai da su daga bakin ƙofa. Yau ya ce sabuwar tana zuƙar wuta, gobe ya ce an ce tana da kunne. Ba wanda ya gaya wa ainihin dalili, don kunya ce namiji mai furfura ya ce kaɗaici yake tsoro.

Da takardar gargaɗi ta zo, ya sa babbar riga ya hau mota zuwa babban ofis a birni. Aka haɗa shi da wata ma'aikaciya, Saratu. Ya tambaye ta ko mutum yana da ikon ya ƙi. Ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce gida nasa ne, ba mai shiga sai da izininsa, amma mita da waya na kamfani ne, kuma an yanke cewa wanda ya ƙi za a sauke wayarsa. Ta shiga jera masa amfanin sabuwar, har ta ce daga yau ba wanda zai ƙara zuwa ya dame shi da buga ƙofa.

Malam Mati ya ce, "'Yata, ita sabuwar nan, in ta zo karatun, tana sallama?"

Saratu ta yi dariya, sai ta ga shi ba dariya yake ba. Ta miƙa masa takarda ya cike. Wurin da aka ce a rubuta lambar wanda za a nema idan ba a same shi ba, ya tsallake 'ya'yansa ya rubuta ta Sallau.

Sallau ne ma ya ƙarasa shawo kansa, shi da sabuwar mitar za ta raba da aikinsa. Ya ce, "Baba, ka bari su sa. Zama cikin duhu ba naka ba ne. Ni zan riƙa zuwa ko ba mita." Ya zo sau biyu kuwa. Daga nan aka sallami masu karatun mita, ya koma garinsu mai nisan tafiyar yini, ya kama sayar da albasa. Malam Mati ya rufe zaure ya daina zama a ƙofar gida. Wani lokaci sai ya kwana uku ba a ga fuskarsa ba, har mutanen shaguna suka saba.

Wata Talata da asuba ya kunna ƙwan banɗaki ya shiga alwala. Santsi ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Ya ja jiki har tsakar gida, ƙarfi ya ƙare. Ya yi kira, ƙarar injinan layin ta shanye muryar. Wayarsa tana ɗaki a kan katifa. Ya wuni ya kwana, ya sake wuni ya kwana, yana kallon ƙwan nan yana ci da rana tsaka, abin da bai taɓa bari ba a rayuwarsa. Ruwan butar da ke kusa da shi ya ƙare ranar Laraba.

To, ga yadda mutum uku suka shigo.

Aikin Saratu ya haɗa da duba jerin gidajen da shan wutarsu ya faɗi farat ɗaya, don galibi alamar an zagaye mita ce ana satar wuta. An yi sa'a makon nan wuta ta zauna, abin da ku ma kun san ba kullum ba. Ranar Alhamis da safe ta ga gidan Malam Mati a jerin. Shugabanta a ofis ya ce ai tsohon nan ne mai taurin kai, ya ƙi mita a fili ya koma ƙin ta a ɓoye, a sa shi cikin waɗanda za a je wa mako mai zuwa. Saratu ba ta yarda ba. Ta duba baya ta ga kullum da asuba akwai ɗan tashin hitar shayi, da yamma rediyo da fanka. Kwana biyu ba ko ɗaya, sai abin da bai wuce ƙwai guda ba, dare da rana. Ta tuna tambayar sallama. Ta tono takardarsa ta kira lambar da ya rubuta, ko da yake ba aikinta ba ne, kuma an hana su fitar da bayanin gidan mutum.

Sallau yana tsakiyar ciniki ya ɗauka. Abin da Saratu ta gani lissafin mita ne kawai, ita kanta tana cewa ko dattijon ya yi tafiya ya manta ƙwai a kunne. Sallau ya san abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Shekara goma sha ɗaya yana shiga zauren nan, ya san Malam Mati ko kasuwa zai je sai ya sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, saboda gobarar da ta taɓa cin shagonsa. In ƙwai yana ci, mutumin yana ciki. Sallau ya bar albasa a rana ya shiga neman lambobin mutanen layin da ya taɓa karanta wa mita. Biyar ya kira ba a ɗauka ba, na shida ya ɗauka.

Na shidan Bawa mai walda ne, wanda shagonsa ke jikin katangar gidan. Shekara biyu ba sa ga maciji da Malam Mati, tun da dattijon ya kai ƙararsa wurin mai unguwa a kan ƙarar guduma. Da farko Bawa ya ce shi ba zai fasa gidan mutumin da ke neman sa da laifi ba, gobe a ce ɓarawo ne. Sallau ya roƙe shi don Allah. Bawa ya buga ƙofa, shiru. Ƙofar ƙarfe ce mai kauri, 'ya'yan suka sa aka yi don tsaro tun Dije tana raye, kuma Bawa ne ya ƙera ta, shi kaɗai ya san inda ya haɗa ta da bango. Ya jawo injinsa ya yanke ta cikin minti goma. Ya tarar da dattijon leɓe ya bushe, ido ya kafe. Ya goya shi a baya har bakin titi, ya tare mota, ya kai shi asibiti. Likita ya ce da an kai yamma da sai dai gawa.

Malam Mati ya yi wata biyu a kwance. 'Ya'yan suka zo suka yi mako guda suka koma. Da ya dawo gida da sanda, ya tarar Bawa ya mai da ƙofar yadda take. Ya buɗe akwatin Dije ya ɗauko makullinta na gidan, wanda ba wanda ya taɓa tun ranar da aka fita da ita. Guda ɗaya ne. Ya ƙudura zai ba mutum ɗaya, wanda zai iya shigowa ba tare da an buɗe masa ba, wanda kuma in ta Allah ta kasance shi zai fara sani.

Ya zauna a zaure, ƙarƙashin tabon da tsohuwar mita ta bari a bango, yana juya makullin. Saratu ce ta lura da shi a cikin dubban gidaje, amma tana birni, kuma ofishinsu ne ya raba shi da baƙonsa. Sallau ne ya san shi ciki da waje, amma ya yi alkawari ya kasa cikawa, ga nisa. Bawa ne ya ɗauke shi a bayansa, kuma shi ne a kusa, amma kwana biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu bai ji komai ba, har yau kuma bai taɓa zama ya sha shayinsa ba.

Har la'asar ta yi makullin yana hannunsa, ba wanda ya yi sallama.

To, jama'a, ku da kuka iya musu: a cikin ukun nan, wa ya kamata Malam Mati ya miƙa wa makullin Dije?