Kofi Mai Jan Fenti

Akwai wata dattijuwa da ake kira Mama Ƙarfe, don ko mura ba ta kwantar da ita. Da wannan take taƙama, da shi take auna kowa.

Wata rana ma'aikatan lafiya suka shigo layinsu da motar hoton ƙirji, suna gwajin tarin fuka kyauta. Matar ɗanta ta je da goyonta. Aka samu cutar a jikinta, alhali ko tari ba ta yi. Aka ɗora ta kan magani, aka ba jaririn na kariya, aka ce kowa a gidan ya zo gwaji.

"Ni?" in ji Mama Ƙarfe. "Ku dube ni da kyau. Masu ruɓaɓɓen ƙirji za ku nema."

Ɗanta direba ne, yana kan hanya, gida sai yadda ta yi da shi. Ta shafa wa kofi ɗaya jan fenti, ta ajiye shi bakin ƙofar matar ɗan, wai da shi kaɗai za ta riƙa sha. Ta zubar da maganin jaririn, wai lafiyarsa ƙalau. Sannan ta ƙwace shi ta kai ɗakinta, ta rufe taga ruf.

"Mama, sun ce tunda na ɗan jima ina shan magani ba na yaɗawa. Ki bar ni in ba shi nono," in ji matar ɗan.

"Ki ba shi mutuwa dai. Koma ciki."

Yaron na kuka a nan, uwar na kuka a can, Mama Ƙarfe ko a jikinta.

Bayan 'yan watanni yaron ya fara zazzaɓi, ya rame, wuyansa ya sanƙare. A asibiti likita ta tambaya wa yake kwana da shi. Dole Mama Ƙarfe ta tsaya gaban na'urar da ta raina.

Cutar na cikin huhunta, ta daɗe a ciki. Mama Ƙarfe ce ke hura wa yaron ita a rufaffen ɗaki.

Yaron bai koma gida ba.

Washegarin jana'iza matar ɗan ta shigo wa Mama Ƙarfe da ƙwayoyin maganinta na farko da ruwa a kofin nan mai jan fenti.

"Sha, Mama," ta ce a hankali. "Kofin ba ya kashe kowa."

Darasi: Rashin tari ba shaidar lafiya ba ne. In an kira ka gwaji ka je, kuma kada ka wulaƙanta wanda ya je. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani jariri ya tsira.